Daɓen ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai ginshiƙan ƙarfe

Daɓe mai ginshiƙan ƙarfe wani tsarin gini ne da ake amfani da shi a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na gidajen zama, inda ba a zuba kankare kai tsaye a kan ƙasa, sai dai a ɗora daɓen bisa ƙarafan da aka kafa a jikin bangon fandisho, a bar sarari tsakaninsa da ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Duk wanda ya ga yadda manoman karkarar Katsina da Daura suke ɗora rumbu a kan duwatsu don kada ya taɓa ƙasa, ya riga ya fahimci rabin hikimar wannan aiki.

Tsarin ya yi ƙarfi a jihar Kolorado ta Amurka, musamman a birnin Denba da kewayensa, saboda irin yumɓun da ke yankin, wanda yake kumbura idan ya sha ruwa, ya kuma tsuke idan ya bushe. Ƙarfin kumburin yakan ɗaga daɓen siminti ya tsattsaga shi, ya tura bangayen ciki sama har ƙofofi su ƙi rufuwa. Da farko magina sun riƙa rataya daɓen da katako, amma damshin da ke taruwa a ƙarƙashi ya jawo ruɓewa da funfuna, abin da ya sa da yawa suka koma ga ƙarfe. A Najeriya ana samun ƙasa mai irin wannan hali a yankin Tafkin Chadi, wadda ake kira firgi.

Yadda ake harhaɗa shi ba shi da sarƙaƙiya sosai. Ana ɗaure dogon ƙarfe a jikin bangon kankare da kusoshi masu kauri, sannan a gitta manyan ƙarafa a tsakiyar ɗakin bisa turakun da aka nitsa can ƙasa, inda jiƙa da bushewa ba sa kaiwa. A kansu ake jera siraran ƙarafa waɗanda aka lanƙwasa daga fallen ƙarfe aka lulluɓe da zinki, yawanci da tazarar santimita 40 ko 60, kusan yadda maginan gargajiya suke jera azarar giginya a rufin soro, sai dai ƙarfe yana ratsa faɗin da azara ba za ta iya ba. Daga nan akan shimfiɗa falankin katako, ko kuma kwano mai kauri mai tudu da kwari a zuba masa kankare, kamar dai dekin. Tun da curin kankare mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri yana kai nauyin kilo 2,400, injiniya ne ya kamata ya ƙayyade kaurin ƙarafan, ba ƙiyasin birkila ko mai walda ba.

Sararin da ke ƙarƙashi shi ne ruhin tsarin, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Dole ne ya yi zurfin da ƙasa za ta kumbura ba tare da ta taɓa ƙarfe ko bututun ruwan da aka rataya ba, a kuma rufe ƙasar da leda mai kauri, a samar da hanyar fitar iska da ramin tara ruwa mai famfo. Idan aka bar damshi ya zauna, zinkin yakan cinye a hankali, tsatsa kuma ta fara daga wuraren da aka yanka ko aka yi wa walda, shi ya sa ake sake shafe su da fenti mai zinki. Ƙarfe ba ya cin wuta, amma yana rasa kusan rabin ƙarfinsa idan zafi ya kai digiri 600 a ma'aunin Salshiyas.

A Katsina da Daura ɗakin ƙarƙashin ƙasa ba kasafai ake yin sa a gidan zama ba, kuma mafi yawan ƙasar yankin jigawa ce mai rairayi, wadda ba ta kumbura. Saboda haka a mafi yawan filaye daɓen siminti na yau da kullum ya wadatar, ya kuma fi araha nesa ba kusa ba. Inda tsarin zai yi amfani shi ne filin fadama, ko tsohon kududdufin da aka cike aka yanka fuloti, irin waɗanda suka yawaita a tsofaffin unguwanni, domin cikon yakan ci gaba da lotsawa shekaru bayan an gama gini. Yana kuma da wata fa'ida da mutanen nan za su fi Amurkawa gane darajarta, wato gara ba ta cin ƙarfe. Babbar barazana a nan ita ce ruwan watan Agusta, wanda zai iya cika sararin cikin dare ɗaya, ga shi famfon da zai kwashe shi yana bukatar wutar da ba ta yankewa. Kamfanin mulmula ƙarfe na Katsina rodi da waya aka kafa shi ya sarrafa, don haka siraran ƙarafan wannan tsari daga nesa ake kawo su, kuɗin dako kuma yana shiga cikin lissafin mai gida.