Da'irar Willis

Da'irar Willis wani zobe ne na jijiyoyin jini da ke kwance a gindin ƙwaƙwalwa, cikin ƙoƙon kai, inda manyan hanyoyin da ke kawo jini daga wuya suke haɗuwa kafin su rarrabu. Ta ci sunan Thomas Willis, likitan Ingila da ya rayu daga 1621 zuwa 1675, ko da yake ba shi ne ya fara ganinta ba.

Tsari

Nauyin ƙwaƙwalwa bai wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana karɓar kusan kashi 15 cikin 100 na jinin da zuciya ke turawa, tana kuma cin kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita. Jijiyoyi huɗu ne ke wannan hidima. Biyu suna hawa ta gaban wuya, dama da hagu, su ne karotid na ciki. Sauran biyun suna bi ta 'yan kafofin da ke gefen ƙasusuwan wuya, su shiga ƙoƙon kai ta babbar ƙofar da laka ke fita, sannan su haɗe su zama jijiya guda da ake kira basila.

Kowace karotid tana rabuwa gida biyu, reshe ɗaya ya nufi gaban ƙwaƙwalwa, ɗaya ya nufi tsakiya. Basila kuma ta rabu zuwa rassa biyu na baya. Abin da ya mayar da wannan tsari zobe shi ne 'yan gajerun jijiyoyin haɗi guda uku: ɗaya a gaba, mai haɗa rassan gaba na dama da hagu, biyu a baya, masu haɗa kowace karotid da reshen baya na ɓangarenta. Zoben ya kewaye mahaɗar jijiyoyin gani. Reshen tsakiya, duk da girmansa, yawancin masana ba sa ƙirga shi cikin da'irar. Sunan da'ira ma dai suna ne kawai, domin siffarta ta fi kama da mai kusurwoyi.

Cikakken zoben da ake zanawa a littattafai ƙasa da rabin mutane ne ke da shi. A wurin sauran, wata jijiyar haɗi takan kasance siririya ƙwarai, ko babu ita sam, galibi ta baya.

Laka ma tana shan jini daga nan kusa: jijiyoyin ƙashin wuya suna ba da rassan da ke gangarawa, ɗaya ta gabanta, biyu ta bayanta.

Tarihi

Sama da shekara dubu likitoci suna bin maganar Galen, wanda littattafan Larabci ke kira Jalinus, likitan ƙarni na 2 Miladiyya. Ya ce akwai wata saƙar ƙananan jijiyoyi kamar raga a gindin ƙwaƙwalwa, inda ake tace ruhin da ke ba mutum motsi da ji. Ragar tana nan kuwa, amma a kan tumaki da shanu, waɗanda su ne yake fiɗa. Mutum ba shi da ita. Berengario da Carpi na Italiya ya ƙaryata samuwarta a jikin ɗan Adam wajen 1521, sannan Andreas Vesalius ya ƙara tabbatar da haka a 1543, har ya amsa cewa shi ma a da yakan nuna wa ɗalibai kan tunkiya don kada a ce ya kasa gano abin da Galen ya faɗa.

Da aka kawar da ragar, sai ido ya koma kan abin da ke wurin a zahiri. Gabriele Falloppio ya bayyana wani sashe na zoben a 1561. Zanen Giulio Casserio, da aka buga a 1627 bayan mutuwarsa, ya nuna shi ba cikakke ba. Johann Vesling a wajen 1647 da Johann Jakob Wepfer a 1658 sun ƙara matsowa kusa. Wane ne na farko, har yanzu masana tarihi ba su daidaita ba.

Willis ya buga littafinsa Cerebri Anatome a 1664, lokacin yana farfesa a Oxford. Ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Richard Lower ne ya yi yawancin fiɗar, Christopher Wren kuma, wanda daga baya ya tsara ginin majami'ar St Paul da ke Landan, shi ya yi zane-zanen. Dabararsu ita ce ɗura ruwa mai launi a jijiya guda su ga inda zai ɓulla, sai suka ga ya bazu har ɗaya ɓangaren. A nan ne Willis ya sha gaban waɗanda suka riga shi, domin ya tambayi amfanin zoben. Ya kuma kawo labarin wani mutum da ya mutu da ciwon ciki, aka tarar jijiyar wuyansa ta dama ta toshe ta ƙage, alhali bai taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ba. Willis ya ce sauran hanyoyin ne suka ɗauki nauyin. A littafin ne kuma kalmar neurologia, wadda ta zama sunan ilimin ƙwaƙwalwa da jijiyoyin ji da motsi a harsunan Turai, ta fara fitowa. Laƙaba wa zoben sunansa ya zo daga baya, ana danganta shi ga Albrecht von Haller a ƙarni na 18.

Ganin da'irar a jikin mai rai sai a 1927, da Egas Moniz na Fotugal ya ɗauki hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa bayan ɗura wani sinadari a karotid.

Aiki da cututtuka

Ra'ayin Willis, cewa zoben hanyar ratse ce idan wata ta toshe, shi ne mafi rinjaye, musamman idan toshewar ta zo a hankali. Wasu masu bincike na ganin babban aikinsa rage ƙarfin bugun jini ne.

A mahaɗun zoben ne bangon jijiya ya fi yin rauni ya kumbura kamar balan-balan, mafi yawa a sashen gaba. Idan kumburin ya fashe, jini yakan malale a kewayen ƙwaƙwalwa, da matsanancin ciwon kai na farat ɗaya. Kumburin jijiyar haɗi ta baya kan danne jijiyar da ke motsa ido, fatar idon ta sauko. Ƙuntacewar ƙarshen karotid da rassanta na daga cikin dalilan shanyewar ɓarin jiki ga yara masu cutar sikila.