Baƙin Tabo a Silin: Fenti Ba Zai Raba Ka da Fumfuna Ba

A gidaje da yawa a Zariya, daga Tudun Wada har Samaru, da zarar baƙin tabo ya fito a silin sai a ce tsufa ne ko datti, a kira mai fenti. Damina na dawowa tabon ya sake fitowa.

Wannan tabo fumfuna ce, abu mai rai da ke yaɗuwa a kan katako da silin muddin akwai danshi. Danshin kuwa daga sama yake zuwa. Kwano yana buɗewa da zafin rana, ya tsuke da sanyin dare, a hankali ramukan ƙusa su faɗaɗa, tsatsa ta ci gefensu. A watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi yawa a nan, ɗigon da ba a gani daga ɗaki yana jiƙa katakon rufi kullum, ba ya samun bushewa. Liƙa kwalta na iya tare rami ɗaya ko biyu, amma idan kwanon ya ruɓe ko'ina, canza shi ne mafita.

Sai dai sabon kwano shi kaɗai bai isa ba. Da asuba raɓa tana taruwa a ƙarƙashin kwano mai sanyi, ta ɗiga kan silin. Don haka a sa kafinta ya bar ƙananan kafofin iska masu raga a gefen rufin, ya kuma cire duk katakon da ya yi baƙi. Wannan ya fi muhimmanci a gidan da ke da mai asma, domin fumfuna tana tayar da ciwon.