Tsohon gidan kakanka na ƙasa, shin doka na kare shi?

Bara da damina soron kakanmu da ke wani ƙauye kusa da Argungu ya tsage daga zanko har ƙasa, sai 'yan uwa suka kasu biyu, wasu na cewa a rushe a sa bulo da kwano a huta, wasu na cewa ai gidan tarihi ne gwamnati ba za ta yarda ba. To ga yadda abin yake.

Dokar da ke magana kan wanga lamari ita ce ta Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, NCMM, wadda aka kafa a 1979. Abin da mutane ba su gane ba, tsufa kawai bai isa ya sa doka ta tsare gini ba, sai an ayyana shi a matsayin ginin tarihi na ƙasa. Hukumar za ta buga sanarwa a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, ta aika wa mai gida takarda, a ba shi dama ya faɗi ƙorafinsa, sannan Shugaban Ƙasa ya amince. Kangon Surame, birnin Kanta Sarkin Kabi, tun 1964 aka ayyana shi, ƙarƙashin tsohuwar dokar da ta gabaci wannan. In kuwa aka ayyana naka, diyya za a biya ka gidan ya fita hannunka, daga nan ko gyara ba ka da ikon yi ba izini, wanda ya rushe ko ya ɓata kuma tarar naira 1,000 ce ko ninkin darajar ginin biyu, ko ɗaurin wata 12. Naira dubu fa, a zamanin nan!

Kenan, tunda ba a ayyana shi ba, soron kakanmu, da zaurensa mai daurin guga da azarar giginya da har yanzu gara ba ta ci ba, da rumbuna uku a bayan gida, ba abin da ya hana magada su sa diga gobe da safe. Wallahi wannan ke ci mini rai, don maginan da suka iya murza tubali su ɗaure bakan gizo ƙarewa suke yi.

Amma kayan cikin gidan, nan ne doka ta fi tsauri. Ƙyauren katako na gargajiya, ganga, takobi, rubutun hannu na malamai, duk aikin hannu na gargajiya irin waɗannan da aka yi a ƙasar nan kafin 1918 kayan tarihi ne. Ba a sayar da shi ga ɗan kasuwa sai wanda hukumar ta ba lasisi, fitar da shi waje ba takardar izini kuma laifi ne. Masu yawo ƙauyuka suna tayin tsoffin ƙyamare, a kula da su.

Mu dai mun haɗa kuɗi mun ɗauko wani tsohon magini, ya toshe tsagar, ya sake yaɓe da makuba, ya gyara indararo kafin ruwan Agusta ya sauko.