Gizo-gizon Lungun Ɗaki: A Kashe Shi Ko A Ƙyale Shi?

Da zarar damina ta sauka a Jos, sauro da ƙuda da ƙwarin fitila sukan cika gidaje, gizo-gizo kuma ya biyo sawunsu. Abin da aka saba shi ne uwargida ta ɗaura tsintsiya a doguwar sanda ta kakkaɓe silin, wanda ya faɗo yara su bi shi da silifa. A ganina ana zaluntar wannan halitta, kuma gidan ne ke asara.

Me yake yi mana da har za a ce a bar shi?

Farauta yake mana dare da rana. Ba ya cin hatsi, ba ya huda tufafi, ba ya sauka a kan tuwo. Ƙwari ne abincinsa. Ku leƙa yanar da ke bayan tagar kicin a gidan da kwandon tumatirin kasuwar Farin Gada ya kwana biyu. Za ku ga ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓen tumatir sun maƙale, wasu an naɗe su da zare, wasu saura ɓawo. Idan ƙwaro ya faɗa, sai ya cije shi da dafi, ya zuba masa ruwan da ke narkar da cikinsa, ya tsotse. A 2017 masana biyu, Martin Nyffeler da Klaus Birkhofer, sun ƙiyasta cewa gizo-gizon duniya na cinye tan miliyan 400 zuwa 800 na ƙwari da makamantansu duk shekara. Mafi yawan wannan aiki a daji da filayen ciyawa ake yin sa, amma na lungun ɗakinku ma yana nasa gwargwado.

Duk iri ɗaya ne?

A'a, an tantance iri fiye da 50,000. A gidajenmu an fi ganin uku. Akwai mai dogayen ƙafafu sirara da ke rataye a kusurwar silin, wanda in an taɓa yanarsa yake girgiza. Akwai ɗan ƙarami mai tsalle a jikin taga, mai manyan idanu biyu a gaba, shi ba ya kafa tarko, laɓaɓawa yake ya dira kan ƙuda. Sai babban nan mai faɗi da ke fitowa da dare daga bayan kalanda ko kabad, ya ruga a bango. Shi aka fi tsoro, shi aka fi kashewa, alhali shi ne ke kama kyankyaso. Wannan na ba ni takaici ƙwarai.

To zai iya raba mu da sauro?

Yana cin sauro, amma ba zai ƙarar da shi ba. A gaɓar tafkin Victoria a Kenya akwai wani mai tsalle, Evarcha culicivora, da ke zaɓar macen sauro wadda ta sha jini. Duk da haka kada wani ya daina amfani da gidan sauro saboda gizo-gizo. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke, kuma sanyin Jos bai hana shi ba. A kwana cikin gidan sauro, a yashe kwata, a kife gwangwanayen da ruwa ke taruwa.

Cizonsa fa? Ba ya da dafi?

Kusan dukkansu suna da dafi, amma na kashe ƙwaro ne, kaɗan ne ƙwarai ke iya cutar da mutum. Ba ya shan jini, saboda haka ba ya neman mu, sai an matse shi yake cizo. Wanda ya kamata a kiyaye shi ne wani mai ruwan ƙasa da kumburarren ciki, mai tabon ruwan lemo a ƙasan cikin, jakar ƙwansa da 'yan ƙayoyi. Yakan zauna ƙarƙashin kujerun tsakar gida, cikin tsohuwar taya ko takalmin da aka daɗe ba a sa ba. A riƙa kakkaɓe takalma, musamman na yara. In cizo ya zo da ciwo mai tsanani, zufa ko murɗawar ciki, a tafi asibiti.

Sau da yawa ƙunar fatar da ake ɗora wa gizo-gizo ba shi ba ne. Wani siririn ƙwaro ne mai ja da baƙi da ke bin fitila da damina, in an murje shi a jiki ruwansa ya ƙona fata.

Yanarsa a ɗaki ai ƙazanta ce, ko?

Wadda ta yi baƙi da ƙura da hayaƙi, yawanci mai ita ya bar ta, a share. Ba wanda ya ce a bar falo ya koma kango. Abin da nake roƙo shi ne a bar guda ɗaya ko biyu a sito, bayan gida da wajen taga. Halittar da sura ta 29 a Alƙur'ani, Al-Ankabut, ke ɗauke da sunanta, wadda littattafan sira suka kawo labarin saƙarta a bakin kogon Saur lokacin hijira, ta cancanci wannan ɗan sassaucin.

In ba na son ganinsa sam, in fesa magani?

Kada a fesa fiya-fiya a ɗakin kwana saboda gizo-gizo. Gubar ta fi shi haɗari nesa ba kusa ba, ga yara da masu asma musamman. A kifa masa kofi, a zura kwali ta ƙasa, a kai shi cikin shuke-shuken bayan gida. Sannan a gyara ragar taga, a rufe abinci, a rage barin fitilar ƙofa a kunne. Inda ƙwari suka ragu, shi ma ba ya daɗewa.