Ba Kullum Bugun Farko Na Faifai Ke Fin Daɗin Sauti Ba

An daɗe ana cewa bugun farko na faifan garmaho ya fi duk wanda aka sake bugawa fito da muryar mawaƙi, har masu tara faifai kan biya kuɗi mai yawa saboda wannan zato. Sai dai ingancin sauti ya dogara ne da tef ɗin da aka ɗauko waƙar daga gare shi, da ƙwarewar injiniyan da ya yanka faifan asali, da kuma ƙarfen da ake matse robar faifan da shi, wanda yakan lalace bayan an buga kwafi masu yawa, ta yadda kwafi biyu na bugu ɗaya kan bambanta.

Tabbas akwai sabon bugu da ya ɓata tsohon aiki. A shekarun 1960 kamfanin Capitol na Amurka ya riƙa mayar da tsofaffin waƙoƙin da aka naɗa da sauti guda zuwa sitiriyo (sautin da ake raba wa lasifika biyu) na jabu mai suna Duophonic, wanda ke sa muryar mawaƙi amsa-kuwwa kamar daga cikin rijiya. Amma idan aka koma kan tef na asali aka yi aikin da natsuwa, sabon bugu kan fito da numfashin mawaƙi tar, abin da allura ta daɗe da gogewa daga tsohon faifai.