Jami'o'in mishan a nahiyar Asiya: wa ya kafa su, wa ke riƙe da su yanzu?

Wanda ya shiga harabar Jami'ar Peking a birnin Beijing, makarantar da Sinawa ke tinƙaho da ita, zai tarar da wani tafki a tsakiya, da doguwar hasumiya mai hawa-hawa a bakinsa, da gine-gine masu rufin gargajiya. Ba gwamnati ce ta gina su ba. Harabar wata jami'ar Kiristoci ce mai suna Yenching, wadda aka rufe a 1952 aka mayar da Jami'ar Peking wurin. Hasumiyar ma tankin ruwa ce da aka yi wa siffar ginin Sinawa. Labarin irin waɗannan makarantu, da ƙungiyar da ta fi shekara ɗari tana ɗawainiya da su, shi ne za mu bi a tambayoyin nan.

Wace ƙungiya ce wannan?

Sunanta United Board, wato haɗaɗɗen kwamitin tallafa wa ilimi mai zurfi na Kirista a Asiya. An fara ta a birnin New York a 1922, a matsayin ɗan ofishin da ke tara kuɗi da riƙe lissafi ga wasu kwalejojin mishan na ƙasar Sin. A hankali ta zama uwa ga kwalejoji 13 na ɗarikun Furotesta, daga Yenching a Beijing, zuwa Lingnan a Guangzhou, zuwa West China Union a Chengdu, har da biyu na mata zalla: Ginling a Nanjing da Hwa Nan a Fuzhou. A 1956 ta ɗauki sunan da ya haɗa Asiya gaba ɗaya. Yau tana da ofishi a New York da wani a Hong Kong, tana kuma hulɗa da jami'o'i da kwalejoji sama da 80 a ƙasashe irin su Indiya, Indonesiya, Filifin, Koriya ta Kudu, Tailan da Biyetnam.

Ba ita ce ta kafa yawancinsu ba. Da yawa sun girme ta nesa ba kusa ba: Kwalejin Kirista ta Madras ta faro ne a 1837, Doshisha ta Japan a 1875, Silliman ta Filifin a 1901.

Me ya kai 'yan mishan ga gina jami'a, alhali wa'azi ya kawo su?

Wa'azin ne bai karɓu ba kamar yadda suka zata. Sun tarar da al'ummomi masu rubutu da littattafai da malamai tun dubban shekaru, waɗanda ba za su saurari baƙo don kawai ya tsaya a kasuwa yana magana ba. Sai suka ga cewa abin da ake buƙata a hannunsu shi ne likitanci, lissafi, kimiyya da Turanci. Suka buɗe firamare, firamare ta nemi malamai, malaman kuma sai an horar da su a wani wuri. Haka kwaleji ta samu.

Wani lokaci kuma larura ce ta ja su. Ana ba da labarin Ida Scudder, 'yar wani likitan mishan a kudancin Indiya. A dare guda maza uku suka ƙwanƙwasa mata ƙofa ɗaya bayan ɗaya, kowa matarsa na naƙuda mai wuya, kowa yana roƙon ta zo ta taimaka. Ta ce ita ba likita ba ce, amma ga mahaifinta. Duka ukun suka ƙi, don ba su yarda namiji ya shiga wurin iyalinsu ba. Da gari ya waye ta ji cewa matan duka sun rasu. Ta koma Amurka ta karanta likitanci, ta dawo garin Vellore ta buɗe ɗan ɗakin shan magani mai gado ɗaya a 1900, sannan a 1918 ta buɗe makarantar koya wa mata aikin likita. Makarantar yanzu tana cikin kwalejojin likitanci da aka fi ji da su a Indiya. Duk wanda ya taɓa neman likita mace ga matarsa ko 'yarsa bai samu ba, ba sai an yi masa dogon bayani a kan wannan dare ba.

To amma ai manufar dai a mayar da ɗalibai Kirista ce, ko ba haka ba?

A farko haka ne, kuma bai kamata a yi wa maganar kwaskwarima ba. Waɗanda suka tara kuɗin a coci-cocin Amurka da Ingila bishara suke so a yaɗa. Zuwa sujada a majami'ar makaranta tilas ne, darasin Littafi Mai Tsarki ma tilas. Bayan haka, a ƙasar Sin ƙofar da 'yan mishan suka bi suka shiga cikin ƙasa bindiga ce ta buɗe ta: yarjejeniyar Tianjin ta 1858, wadda aka ƙaƙaba wa Sin a lokacin yaƙinta da Ingila da Faransa, ita ta ba su damar yawo da wa'azi a lunguna. Sinawa ba su manta da haka ba.

Shi ya sa a 1922 ɗalibai suka tayar da gagarumar zanga-zangar ƙin jinin mishan. Kafin ƙarshen shekarun 1920 gwamnati ta gindaya sharuɗɗa: kowace makaranta ta yi rajista, Basine ya shugabance ta, kuma kada a tilasta wa ɗalibi darasin addini ko sujada. Yawancin kwalejojin suka bi. A ganina nan ne labarin ya juya, domin daga ranar da aka miƙa wa 'yan ƙasa ragama, makarantun suka daina zama reshen coci a ƙasar wasu, suka fara zama na mutanen wurin.

In kuwa ta yawan waɗanda suka sauya addini za a auna, to ribar ba ta taka kara ta karya ba. Bayan shekara kusan ɗari biyu ana wannan aiki, ƙidayar Indiya ta 2011 ta nuna Kiristoci kashi 2.3 cikin ɗari ne. A Japan da Tailan ba su wuce kusan kashi ɗaya ba. Koriya ta Kudu ce addinin ya yi ƙarfi, Filifin kuwa tun zamanin mulkin Sifaniya take da rinjayen Katolika. Sarvepalli Radhakrishnan, wanda ya zama shugaban Indiya a 1962, ɗalibin Kwalejin Kirista ta Madras ne, kuma sukar da ya ji malamansa na yi wa addinin Hindu ce ta sa ya duƙufa nazarinsa har ya zama ɗaya daga cikin manyan masu kare shi.

Ita United Board a yau ba aikin wa'azi take yi ba. Tana aiki da jami'o'in Furotesta da na Katolika, da na gwamnati waɗanda ba ruwansu da coci. Abin da take kira manufarta shi ne ilimin da ke gina mutum gaba ɗayansa: ƙwaƙwalwa, ɗabi'a da ruhi. Tana faɗa a fili cewa daga aƙidar Kirista ta samo wannan, kuma hakan ya fi a ɓoye.

Me ya fitar da su daga ƙasar Sin?

'Yan kwaminis sun karɓi mulki a 1949, amma yaƙin Koriya ne ya yanke igiyar. A watan Disamban 1950 Amurka ta daskarar da kadarorin Sin, Sin ta rama ta hanyar karɓe ikon kadarorin Amurkawa. Kuɗi suka daina zuwa, malamai baƙi suka tattara nasu ya nasu. A 1952 gwamnati ta sake fasalin jami'o'i baki ɗaya, ta rarraba tsangayoyin kwalejojin 13 ga jami'o'inta. Sunayensu suka ɓace daga allon ƙofa.

Kwamitin da ke New York ya wayi gari da kuɗi a asusu amma babu makaranta ko ɗaya. Sai ya juya ga maƙwabta. Ya tallafa wa Kwalejin Chung Chi da aka buɗe a Hong Kong a 1951, wadda a 1963 ta shiga cikin kwalejoji ukun da suka haɗu suka zama Jami'ar Sinawa ta Hong Kong. Ya kuma tsaya tsayin daka wajen kafa Jami'ar Tunghai a birnin Taichung na Taiwan, wadda ta buɗe a 1955. Richard Nixon, yana mataimakin shugaban Amurka, ya halarci bikin aza harsashinta a 1953, abin da ke nuna cewa siyasar yaƙin cacar baka ba ta yi nisa da wannan aiki ba. Sai a 1980 kwamitin ya koma hulɗa da jami'o'in Sin, wannan karon a matsayin baƙo mai taimako.

Asarar nan ta sauya musu tunani. Gini ana iya ƙwace shi da sa hannu guda, kuma sun gani da idonsu. Amma likitoci da malaman da kwalejojin suka yaye sun ci gaba da aiki a asibitoci da jami'o'in sabuwar gwamnati. Daga baya ƙarfin kwamitin ya karkata daga tubali zuwa ga mutane.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

Mafi yawa daga abin da za mu kira waƙafi: dukiyar da aka ajiye ana juya ta, ana cin ribar, ba a taɓa uwar kuɗin. Sai gudummawar tsofaffin ɗalibai da gidauniyoyi, irin ta iyalan Luce. Henry Luce, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa mujallar Time, a ƙasar Sin aka haife shi, ɗan wani ɗan mishan ne da ya yi ta yawon nema wa Yenching kuɗi. Majami'ar da ke tsakiyar Tunghai, wadda aka kammala a 1963, sunan mahaifin nasa take ɗauke da shi.

Idan aka ce "horar da shugabanni", me ake yi takamaimai?

Ba shugabannin siyasa ake nufi ba. Matsalar da ake son magancewa kowa ya san ta a jami'a: a ɗauki malamin da ya ƙware a ilimin sinadarai, ranar Litinin a ce shi ne shugaban tsangaya. Bai taɓa tsara kasafin kuɗi ba, bai taɓa sasanta malamai biyu da ba sa ga-maciji ba, bai san yadda ake zama da kwamitin amintattu ba.

Shirin kwamitin yana zaɓo irin waɗannan malamai da suka kai tsakiyar aikinsu. A yi musu horo na 'yan makonni, sannan a tura kowa wata jami'a a wata ƙasar Asiya ya yi watanni a gefen wani gogaggen jami'i. Yana zama a taron majalisar jami'a, yana ganin yadda ake yanke shawara a kan ƙarin girma, yadda ake amsa koken ɗalibai, har yadda ake cewa a'a ba tare da an ɓata ba. Daga nan ya koma gida da wani aiki da zai gwada a makarantarsa. Akwai kuma tallafin karatun digiri na biyu da na digirgir ga ƙananan malamai, galibi a jami'o'in yankin.

Wannan na ƙarshen ya fi burge ni. Malamin da ya fito daga ƙaramar kwaleji a gabashin Indonesiya, in ya je Manila, zai ga jami'ar da ke fama da irin ƙarancin kuɗin da ya sani, kuma ta samo dabara. Abin da ya koyo zai yi aiki in ya dawo, kuma dawowar tasa ta fi tabbas a kan wanda aka kai Amurka.

Akwai wanda za a nuna a ce ga amfanin abin?

Wu Yifang. Tana cikin mata biyar da Ginling ta fara yayewa a 1919. Ta yi digirin digirgir a Jami'ar Michigan, ta dawo a 1928 ta zama shugabar kwalejin da ta raine ta, ta riƙe ta fiye da shekara ashirin, har da lokacin da yaƙi ya kore su zuwa Chengdu. A 1945 tana cikin mata huɗu kacal da suka sa hannu a kundin kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a San Francisco. Da 'yan mishan suka fita, ita ba ta bi su ba, ta zauna a ƙasarta ta ci gaba da aikin ilimi.

A harabar da ta bari a Nanjing, lokacin da sojojin Japan suka afka wa birnin a Disamban 1937, wata malama Ba'amurkiya, Minnie Vautrin, da 'yan tsirarun ma'aikata Sinawa suka buɗe ƙofa. Mata da yara kusan dubu goma suka cika azuzuwa da baranda. Ta riƙa tsayawa a bakin ƙofa tana mayar da sojoji baya.

A Koriya kuma, makarantar Ewha da Mary Scranton ta buɗe a 1886 da ɗaliba guda ɗaya tak, yau tana cikin manyan jami'o'in mata na duniya.

Musulmi suna karatu a irin waɗannan makarantu?

Ƙwarai. Kwalejin Forman da ke Lahore, wadda aka kafa a 1864, mafi yawan ɗalibanta Musulmi ne, kuma Pervez Musharraf, tsohon shugaban Pakistan, ya yi karatu a can. Gwamnatin Pakistan ta karɓe ta a 1972, ta mayar wa cocin Presbyterian a 2003. Mai karatu a Nijeriya zai tuna cewa a shekarun 1970 ɗin nan ne mu ma gwamnatoci suka karɓe makarantun mishan, kuma wasu jihohi sun mayar daga baya. A Indonesiya ma Jami'ar Satya Wacana da ke Salatiga, wadda aka kafa a 1956, tana ɗaukar Musulmi da yawa. Iyaye na kai 'ya'yansu ne don ingancin karatu, suna kuma sa ido a kan tarbiyyar addininsu, kuma suna da gaskiyar yin hakan.

Wace matsala ce ta fi damun su yanzu?

Ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Koriya ta Kudu, Japan da Taiwan yara ne babu. A 2023 ƙiyasin haihuwa a Koriya ta Kudu ya faɗo zuwa 0.72 ga kowace mace, kuma jami'a mai zaman kanta da kuɗin makaranta take rayuwa. A Indiya, dokar karɓar tallafi daga waje da aka ƙara tsaurarawa a 2020 ta sa shigo da gudummawa ya yi wuya. A Myanmar juyin mulkin 2021 ya wargaza karatun jami'a.

Wadda ta fi ci mini tuwo a ƙwarya daban ce. Makarantun da aka buɗe don 'yan mata da 'ya'yan talakawa, da yawansu sun yi suna har kujerunsu sun koma na masu hali da waɗanda suka yi sakandare mai tsada. Ƙananan kwalejojin da har yanzu ke ɗaukar ɗan manomi, a tsibiran gabashin Indonesiya ko tsaunukan arewa maso gabashin Indiya, su ne ke fama da ƙarancin malamai masu digirin digirgir. In suka samu ɗaya kuma, sai babbar jami'ar birni ta yi masa tayin albashin da ba za su iya biya ba.