Dokar hana leda a Kenya da ɗaurin shekara 4 da ake ta yayatawa

Duk lokacin da wani birni ya fara maganar taƙaita leda, sai a jawo misalin Kenya don tsorata jama'a: wai can da zarar an ga leda a hannunka, ɗaurin shekara 4 ne. Har masu shirin tafiya Nairobi kan shiga zulumin ko za a cafke su a filin jirgi saboda ledar da suka ƙunshe takalmi. Maganar tana da tushe, amma an ƙara mata gishiri.

Dokar ta fara aiki ranar 28 ga Agusta, 2017, bayan sanarwar da ministar muhalli ta lokacin, Judi Wakhungu, ta fitar tare da wa'adin wata 6. Ta haramta ƙera leda, shigo da ita, da zuba kaya cikinta a kasuwa ko a gida, ko leda mai hannu ce ko marar hannu. Ta shafi mai masana'anta, ɗan kasuwa da mai saye. A lokacin an ware ledar da kamfani ke rufe kaya da ita tun daga masana'anta, da ta zuba shara, da ta sharar asibiti, bisa sharuɗɗan hukumar muhalli ta ƙasar, NEMA.

To daga ina shekara 4 ta fito? Sanarwar kanta ba ta ƙirƙiri sabon hukunci ba. Ta jingina ne da babbar dokar muhalli ta 1999, wadda aka yi wa gyara a 2015. Sashe na 144 na wannan doka ya tanadi hukunci na bai-ɗaya ga laifin muhalli da ba a keɓe masa nasa ba: ɗaurin shekara 1 zuwa 4, ko tarar shilin miliyan 2 zuwa miliyan 4, ko duka biyun. Ke nan shekara 4 ita ce ƙarshen abin da alƙali zai iya yankewa, kuma ba don mai riƙe da leda ɗaya aka rubuta ta ba. Ministar ma ta faɗa tun farko cewa masu ƙerawa da dillalai za a fara sa wa ido. Matafiya kuwa, abin da aka buƙata gare su shi ne su bar ledar shagunan filin jirgi a mashiga.

Sai dai kada a ce tsoron banza ne gaba ɗaya. An kama mutane, an gurfanar da su, kuma galibinsu ƙananan 'yan kasuwa ne. Tarar da kotuna suka yi ta yanke musu ba ta kai ko kusa da miliyan 2 ba, amma a rubuce mafi ƙarancin tarar ke nan. A nan ne raina bai kwanta da dokar ba. Matar da ke kasa kayan miya a gefen titi da kamfanin da ke fitar da leda tan-tan suna ƙarƙashin sashe ɗaya, sai dai tausayin alƙali ya raba su. Irin wannan giɓi kuwa shi ke ba jami'in da ba ya tsoron Allah damar tatsar talaka.

Dalilin haramcin ba ɓoyayye ba ne. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda hedikwatarta ke Nairobi, ta ƙiyasta cewa manyan kantuna kaɗai na raba leda miliyan 100 a shekara a Kenya. Leda na toshe magudanan ruwa, damina ta zo unguwanni su cika, ruwan da ya taru cikinta ya zama gidan sauro. A mayankan Nairobi an sha ciro leda da yawa daga tumbin saniya ɗaya. An gwada hana leda marar kauri a 2007 da 2011, bai yi tasiri ba. Ƙungiyar masu masana'antu ta garzaya kotu tana cewa dubban mutane za su rasa aiki, kotu ta ƙi dakatar da dokar.

Wani kuskuren kuma shi ne zaton an hana duk wata roba. Gorar ruwa ba ta cikin sanarwar 2017. Sai a Yunin 2020 aka hana robar da ake amfani da ita sau ɗaya a gandun daji, wuraren ajiyar namun daji da bakin teku, ba a cikin gari ba.

Tituna sun yi tsabta fiye da da, wannan ba a musu. Amma har yanzu ana fasa-ƙwaurin leda daga Uganda ta iyakar Busia, tana komawa kasuwanni a ɓoye, kuma wanda aka fi saurin kamawa da ita shi ne mai tebur na ƙarshe, ba wanda ya tsallako da ita ba. Duk birnin da ke son kwaikwayon Kenya ya kamata ya rubuta tara daban ga mai ƙerawa, mai shigowa da mai talla, ya kuma samar da jaka mai araha kafin ranar fara kame.